Rage girman tsofaffin hotuna don shafin intanet ba tare da an ɓata su ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Mun tara hotuna kusan 300, daga na shekarun 1960 zuwa na 1980, za mu sa su a sabon shafinmu na intanet. Wasu an yi mana sikanin ɗinsu a shagon kwamfuta, wasu kuma 'yan ƙungiya ne suka turo ta WhatsApp. Da muka ɗora 40 na farko, shafin ba ya buɗewa a waya sai an gaji da jira, wasu fuskokin sun miƙe kamar an ja su, wasu kuma sun yi dishi-dishi. Yaron da ke taimaka mana ya ce a mayar da su duka 72 dpi, waɗanda suka dushe kuma a bi da su ta manhajar nan mai gyara fuska. Mene ne daidai?

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki, domin hotunan nan in ba ku tattara su yanzu ba, gara da laimar damina za su riga ku.

Cuta uku ka lissafa, nauyin shafi da miƙewar fuska da dishi-dishi, kuma kowace da sanadinta. Amma bari in fara da abin da in aka kuskure shi babu gyara. Ka ɗauki tela. In ka kai masa babbar rigar uba, zai fitar maka da taguwar yaro daga cikinta, har ƙyalle ya rage. In kuwa taguwar yaro ka kai masa ka ce ya mayar da ita rigar uba, sai dai ya ƙara wani yadi, kuma kowa ya gani ya san faci ne. Hoto ma haka yake. Daga babba ake fitar da ƙarami. Don haka kowane hoto a cikin 300 ɗin nan ya zama yana da uwa, wato babban fayil ɗin da ya fito daga sikana, wadda za a ajiye ba mai taɓa ta. Wanda za a ɗora a shafi 'ya ce da aka ciro daga uwar. Duk wani rage girma da yanka da gyaran launi a kan 'yar ake yi. Yau shafi ne ke buƙatar ƙaramin hoto. Baɗi kuna iya son buga mujallar cika shekaru ko kalanda ko babban allo na ranar taro, kuma a ranar uwar za ku nema.

Sai mu fahimci abin da ake nufi da girman hoto, don kalmar tana ɗauke da abu biyu da mutane ke haɗawa. Hoto a kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Kamar ɗinkin hular hannu yake: daga nesa zane kake gani, in ka kawo ta kusa da ido sai ka ga sukar allura ɗaya bayan ɗaya. Awo na farko shi ne yawan ɗigon nan a faɗi da tsawo, misali 2400 da 3600. Awo na biyu shi ne nauyin fayil ɗin, wanda ake ƙirgawa da kilobayit ko megabayit. Na farko ne ke nuna iya yadda hoto zai cika allo ba tare da ya fashe ba. Na biyu ne ke cin datar mai kallo, kuma shi ne ke sa shi jira.

Maganar 72 dpi kuwa, ka yi wa yaron uzuri, don ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Ta samo asali ne daga kwamfutar Macintosh ta 1984, wadda allonta ke da ɗigo 72 a kowane inci, aka yi ta gadon maganar har yau. Ma'anar dpi ita ce ɗigo nawa za a zuba a inci ɗaya na takarda. Awon sikanin ne da ɗab'i. Burauza, wato manhajar da ke buɗe shafin intanet, ba ta ko kallon lambar. Hoto mai faɗin fiksel 1600, ko ka rubuta masa 72 ko 300, iri ɗaya zai fito a waya, nauyinsa ma ɗaya. Bambancin sai an kai shi ga firinta: a 300 zai fito inci biyar da ɗoriya, a 72 kuma inci 22.

Ina ma zargin nan dishi-dishin wasu hotunanku ya fito. A Photoshop, in mutum ya buɗe wurin canza girma ya sauya 600 ya mayar da ita 72 alhali akwatin Resample yana kunne, manhajar za ta zubar da ɗigon ne don lissafi ya daidaita. Hoton da ke 2400 da 3600 sai ya koma 288 da 432. Shafi kuma ya zo ya buɗe shi don ya cika allo, sai ka ga fuska kamar an shafa mata man shanu. Ka sa ya duba fiksel na hotunan da suka dushe. In ya tarar da su ƙasa da 500, to ga ɓarawon nan.

To nawa ya kamata? Ka tuna da wa zai kalla. Yawancin 'yan ƙungiyarku da 'ya'yansu a waya za su buɗe, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung, kuma faɗin allon waɗannan bai cika wuce fiksel 720 ko 1080 ba. Kwamfutar cinya kuwa 1366 ce ko 1920. Hoto mai faɗin 3600 a irin wannan allo, mai kallo ya biya kuɗin datar ɗigon da idonsa ba zai taɓa gani ba. Ni abin da nake yi, kuma na daɗe ban ga dalilin canzawa ba, shi ne in sa dogon gefen hoto ya zama fiksel 1600. Hoton tsaye tsawonsa ne 1600, na kwance kuma faɗinsa. Rage 3600 zuwa 1600 ba rabi kawai ka rage ba, domin faɗi da tsawo duka ke raguwa; abin da ya saura kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na ɗigon farko.

Amma hoton aji daban ne, kuma na san irinsa ne ya fi yawa a hannunku. Yara 45 a layi huɗu, na gaba a zaune a ƙasa riƙe da allon da aka rubuta aji da shekara da alli, malamai a kan kujeru a tsakiya. Wanda ya buɗe irin wannan hoto ba kallon gini ya zo yi ba. Yatsu biyu zai sa ya buɗe, yana neman kansa, ko yayansa da ya rasu, ko ya karanta abin da ke jikin allon. A 1600 kowace fuska ba za ta wuce fiksel 40 ko 50 ba, da an zuƙo ta sai ta narke. Irin waɗannan ka bar su a 2400, ko da nauyinsu zai kai kilobayit 600. Wannan nauyi ne da ya biya kuɗinsa. Shi kuwa hoton mutum ɗaya, na shugaban makaranta ko kyaftin ɗin ƙwallo, 1200 ma ya ishe shi.

Sannan kada shafin farko ya ɗauko manyan kai tsaye. A yi wa kowane hoto ɗan ƙarami na leƙe, mai faɗin fiksel 400 zuwa 500, nauyinsa kilobayit 30 ko kusa da haka, sai wanda aka taɓa ne babbansa zai buɗe. Bari mu yi lissafi ka ga inda jiran ya fito. In kowane cikin hotuna 40 da kuka ɗora ya kai megabayit 5, shafi ɗaya ya zama megabayit 200 ke nan. A layin da ke gudun megabit 2 a daƙiƙa (megabit takwas ne megabayit ɗaya), wanda ba baƙon abu ba ne in an fita daga tsakiyar gari ko in dare ya yi kowa ya hau, sai an yi minti 13 kafin ya gama saukowa. In kowane ya koma kilobayit 200, jimlar megabayit 8 ce, rabin minti. In kuwa 'yan ƙananan ne kawai ke fara fitowa, megabayit ɗaya ne da ɗan kai, daƙiƙa biyar. Wani dattijo da ɗansa ya saya wa data ta mako ba zai sake dawowa shafin da ya cinye masa megabayit 200 a zama ɗaya ba.

Bayan rage fiksel sai matsewa, kuma nan ne nau'in fayil ke shigowa. JPEG, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 1992, shi ne na hotuna. Yana rage nauyi ta hanyar zubar da bayanan da ido bai cika lura da su ba, kuma idan za ka adana yakan tambaye ka inganci daga 1 zuwa 100. Mutane na ganin 100 ce amana. Ba haka ba ne: daga 80 zuwa 100 nauyi yakan ninka har sau biyu ko uku, ido kuwa da ƙyar ya ga bambanci. Ka tsaya tsakanin 75 da 82. In ka sauka ƙasa da 60 za ka fara ganin 'yan murabba'ai a sararin sama da bangon aji, saboda JPEG yana aiki ne a kan gungun ɗigo takwas-takwas. Kuma abin da ya zubar ya tafi ke nan. Duk lokacin da aka buɗe JPEG aka gyara aka sake adanawa, sai ya ƙara zubar da wani abu, kamar a yi fotokwafi na fotokwafi. Shi ya sa kowace 'ya daga uwa ake ciro ta, ba daga 'yar'uwarta ba.

PNG ba na hotunan mutane ba ne. Na tambari ne da zane da rubutu. In ka adana hoton aji da shi nauyin zai ninka na JPEG sau da yawa ba tare da ka ƙaru da komai ba. Bajon makaranta ka sa shi a PNG, shi ke nan aikinsa. WebP, wanda Google ya fitar a 2010, yakan fi JPEG sauƙin nauyi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a inganci iri ɗaya, kuma tun da Safari na iPhone ya karɓe shi a 2020 kusan kowace burauza na buɗe shi. Duk da haka, ga shafi irin naku ni JPEG zan zaɓa. Mutanenku za su riƙa sauke hotunan suna turawa a zauren ƙungiya, wasu su kai situdiyo a wanke musu, kuma JPEG ne babu na'urar da za ta yi masa gardama. Uwa kuwa a ajiye ta a TIFF in sikanar ta yarda, don shi ba ya zubar da komai. In ba ta yarda ba, JPEG a inganci mafi girma.

Wani abu game da tsofaffin hotuna musamman: suna da tsaki-tsakin fim da ƙura da ƙarce, kuma JPEG yana ɗaukar duk wannan a matsayin bayanin da dole ya adana. Don haka hoton 1968 yakan fi na wayar yau nauyi ko da fiksel ɗinsu ɗaya. Kada wannan ya sa a goge tsakin gaba ɗaya da manhajar share ƙura. Fuskoki za su koma kamar na roba. Kilobayit 50 na ƙari ya fi wannan.

Miƙewar fuska ita ce mafi sauƙin magani. Kowane hoto yana da daidaito tsakanin faɗinsa da tsawonsa, misali uku da biyu. In aka rubuta faɗi aka kuma rubuta tsawo da hannu, lambobin ba su bi wannan daidaito ba, sai mutum ya zama dogo siriri ko gajere mai faɗi. A GIMP da Photoshop akwai 'yar alamar sarƙa tsakanin akwatin faɗi da na tsawo. A bar ta a ɗaure, a rubuta lamba ɗaya kawai, ɗayar za ta cika kanta. In kuma an duba fayil ɗin an ga lafiyarsa lau amma a shafi ya miƙe, to laifin tsarin shafin ne da ke tura kowane hoto cikin akwati iri ɗaya. Yaron ya duba CSS ɗin, wato rubutun da ke tsara kamannin shafi: a sa height ya zama auto, ko a yi amfani da object-fit. In ya ba shi cover, zai yanke gefuna don ya cika akwatin. Contain ne ke nuna hoton dukansa. Ga 'yan ƙananan na leƙe yankan ba laifi. Ga babban hoton aji kuwa kada a yarda, don wanda ke ƙarshen layi shi ma ɗalibi ne, kuma sau da yawa shi ne zai fara kiran waya.

Idan an rage girma hoto yakan ɗan yi laushi, saboda an haɗa ɗigo da yawa sun zama ɗaya. Ana gyara wannan da ɗan wasa shi kaɗan, abin da manhajoji ke kira Unsharp Mask, a ƙarshen aiki bayan an rage, ba kafin ba. Radius ya tsaya wajen 0.5. Da ka ga farin layi ya fara zagaye kawuna da kafaɗu, ka wuce gona da iri. Wurin zaɓen hanyar ragewa kuma, in ka ga Lanczos ko Bicubic Sharper ko LoHalo, ɗauki kowanne. Ka dai guji Nearest Neighbor, ita ce ke sa gefen fuska ya zama kamar matakala. Launi kuma a adana shi a sRGB, don shi ne allon waya ya sani. Wanda aka bari a Adobe RGB yakan fito fari-fari kamar ya sha wanki.

Yanzu mu koma ga uwar, don ban tabbata abin da shagon ya ba ku ya isa a kira shi uwa ba. Masu shagon kwamfuta sun saba da takardun shaida da fom, sukan bar sikana a 150 ko 200 dpi, wani lokaci ma su haɗa maka komai a PDF ɗaya. A nan ne dpi ke da muhimmanci ƙwarai, domin shi ne ke yanke yawan ɗigon da za a samu. Lissafin ba wuya: inci sau dpi. Hoto mai inci 4 da 6 a 300 dpi zai ba da 1200 da 1800, a 600 kuma 2400 da 3600. Ni 600 nake ba da shawara ga irin wannan. Ɗan hoton fasfo, mai milimita 35 da 45, a 300 dpi fiksel 413 da 531 kacal zai bayar, don haka shi a kai shi 1200 dpi. Babban hoto mai inci 8 da 10 kuwa 400 ma ta wadatar. Ƙa'idar ita ce, iya ƙanƙantar hoto iya yawan dpi da yake buƙata. Kowace uwa mai 2400 da 3600 a TIFF za ta kai megabayit 26. Guda 300 ba su kai gigabayit 8 ba, filash ɗaya ya ɗauke su. A yi kwafi uku, kada biyu su kwana a gida ɗaya.

Ko hoton baƙi da fari ne, a yi sikanin ɗinsa da launi. Ruwan ƙasa-ƙasan da ya yi da tsufa yana cikin tarihinsa, kuma tabon ruwa ko na tawada ya fi sauƙin cirewa in akwai launi. A kashe duk wani gyaran kai-tsaye da sikanar ke yi. A goge gilashin da ƙyalle mai laushi bayan kowane hoto biyar ko shida, musamman in a hunturu ake aikin, don ƙwayar ƙura ɗaya a 600 dpi tana iya zama tabo a kuncin mutum. In wani ya kawo nagatif, ku riƙe shi da hannu biyu: ya fi takardar da aka wanke daga gare shi bayani nesa ba kusa ba, sai dai yana buƙatar sikana mai fitila ta sama da dpi 2400 ko fiye. Hotuna masu launi na shekarun 1970 da 1980 da kuka ga sun yi ja-ja, rinin shuɗin ne ya riga sauran koɗewa. Ana iya dawo da su kusa da yadda suke ta Levels, a gyara ja da kore da shuɗi ɗaya-ɗaya, ana kallon farar riga a matsayin ma'auni. A kan 'ya za a yi, ba uwa ba.

Hoton da ya manne da gilashin firam kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. A ɗauke shi yadda yake. Kuma don Allah ka hana 'yan ƙungiya kai tsofaffin hotuna a yi musu laminetin da sunan adanawa. Zafi da gam ɗin suna cin hoton, kuma ba a iya cirewa.

In a cikin tarin akwai waɗanda aka yanko daga jarida, irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo ko New Nigerian, waɗannan sai an bi su a hankali. Hoton jarida ɗigo-ɗigon tawada ne a jere, kuma in aka rage shi kai tsaye jerin nasa yakan yi karo da jerin fiksel, sai wani zane kamar saƙar tabarma ya bayyana a kan fuskoki. A kunna Descreen a sikana in tana da shi. In babu, a yi sikanin a 600, a ɗan dusar da shi kaɗan da Gaussian Blur har ɗigon su haɗe, sannan a rage. Irin wannan kada a wasa shi, ɗigon za su dawo. Haka ma takardar situdiyo mai gurji-gurji kamar saƙar zuma da aka yi yayi a shekarun 1970. Ita sau da yawa ɗaukarta da kyamara ya fi sikana kyau.

Na WhatsApp su ne masu ciwon kai. WhatsApp yakan matse hoto ya rage shi zuwa wajen fiksel 1600 ko ƙasa in an tura shi ta hanyar da aka saba. Zaɓin HD da aka ƙara a 2023 ya fi, amma shi ma yana matsewa. Mafi muni shi ne wanda aka gani a Facebook, aka yi masa sikirinshot, aka turo, wani ya sake yin haka. Ka roƙi masu hotunan su ba da aron na takarda na kwana biyu. Wanda ke nesa, ko wanda ba ya yarda hoton ya bar hannunsa, kuma yana da gaskiya, ya sake ɗauka da waya: a inuwa da hantsi, ba filasha, hoton a shimfiɗe, wayar a saitinsa daidai ba a karkace ba, a goge idon kyamarar tukuna. In ƙyalli ya dame shi, manhajar PhotoScan ta Google tana ɗaukar hoton ta kusurwa huɗu ta haɗa don ta kawar da shi. Sannan ya turo a matsayin Document, ba a matsayin hoto ba, haka fayil ɗin zai iso yadda yake.

Wanda kuwa babu yadda za a yi a samu asalinsa, mai fiksel 500 ko 600, a sa shi a shafi a ƙaraminsa. Ƙaramin hoto garau ya fi babba mai hazo.

Wannan ya kawo ni ga manhajar gyara fuska, irin su Remini. A nan ba zan yi kwana-kwana ba: kada ku yi amfani da ita a wannan aiki. Ba tono abin da ya ɓace take yi ba. An horar da ita ne da ɗimbin fuskokin wasu mutane, in ta ga inuwa inda ido ya kamata ya kasance sai ta zana ido daga abin da ta koya. Faci ne irin na telan nan, sai dai ɗinkin ya ɓoyu. Na taɓa gwada irinta a kan hoton kakana, wanda ke da tsagar gado a kumatu biyu. Ta ɗauki tsagar a matsayin ƙarcen takarda ta share, ta ba shi fata sumul da haƙoran da ba nasa ba. Da na nuna wa gwaggona sai ta ce wannan kyakkyawan mutum ne, amma ɗan wane gida ne? Haka take yi wa naɗin rawani da aikin aska takwas a gaban riga, kuma rubutun allon aji takan mayar da shi haruffan da ba na kowane harshe ba. Sa wa baƙi da fari launi ma haka ne: manhajar ba ta san kalar kayan makarantarku ba, cinta take yi. Shafinku ma'ajiyar tarihi ce, wata rana ɗalibin jami'a zai ɗauki hoto daga ciki ya kafa hujja da shi. In wani ya matsa yana son ganin mahaifinsa da launi, a yi masa nasa, a rubuta a ƙasa cewa na'ura ce ta gyara, ainihin kuma ya zauna kusa da shi.

Hotuna 300 ba a bin su ɗaya-ɗaya. A Windows, IrfanView na da Batch Conversion: ka zaɓi folda, ka sa dogon gefe 1600, inganci 80, ka kunna zaɓin da ke hana ƙara girman ƙananan, ya gama cikin 'yan mintuna. XnConvert ma haka yake yi, kuma yana aiki a Mac da Linux. Kafin a sake su duka, a gwada uku ko huɗu a Squoosh, wanda ke buɗewa a burauza ya nuna maka kafin da bayan gefe da gefe, har ku ga lambar da ta yi muku. In yaron ya iya ImageMagick, layi ɗaya ne:

magick mogrify -path shafi -format jpg -resize "1600x1600>" -quality 80 *.tif

Alamar da ke bayan 1600 ta biyu tana nufin a rage manya kawai, a ƙyale ƙanana. Ya ƙirƙiri foldar shafi tukuna, kuma ya kula da -path ɗin nan kamar ransa. Ni na taɓa mantawa da shi a kan folda ta JPEG, umarnin ya rubuta ƙananan a kan manyan, aikin sikanin na mako biyu ya tafi kafin in ajiye kofin shayi. Abin da ya cece ni kwafin da ke wani filash ne. Hotunan aji a ware su a folda daban a ba su 2400.

In da WordPress aka gina shafin, yana yin wani ɓangare na aikin da kansa. Yana ƙirƙirar ƙananan kwafi na duk abin da aka ɗora, tun sigar 4.4 yake miƙa wa kowane allo wanda ya dace da shi, daga 5.3 ta 2019 yake rage duk hoton da ya wuce fiksel 2560, daga 5.5 kuma hoto ba ya saukowa sai mai karatu ya gangaro kusa da shi. Amma babban da aka ɗora yana nan yana cin wurin da kuke biyan haya, kuma wasu tsare-tsaren shafi sukan kira babban ne kai tsaye. Ku rage kafin ku ɗora, kuma kada ku ɗauki shafin a matsayin ma'ajiyar uwaye.

Sunan fayil ya zama mai ma'ana, kamar 1974-aji-biyar-001.jpg, uwa da 'ya su ɗauki lamba ɗaya don a iya komawa. A guji ɗ da ƙ da ɓ da tazara a sunan fayil, wasu na'urori na rikicewa da su. A cikin bayanin da ke ƙasan hoto kuwa a rubuta Hausa yadda take. Waɗanda aka ɗauka da waya a cire musu bayanan EXIF kafin a ɗora, domin a ciki wayar kan rubuta ainihin wurin da aka ɗauka, wato gidan mai hoton. IrfanView da XnConvert duka suna da zaɓin cirewa. Ku kuma nemi yardar iyalai kafin ku sa hoton mutum shi kaɗai, musamman na mata.

Idan ana sikanin, a juya kowane hoto a ɗauki bayansa ma. Nan ake samun hatimin situdiyo da kwanan wata da sunayen da wani ya rubuta da biro, layi-layi daga hagu zuwa dama. Bayan hoto 300 dpi ta ishe shi, a ba shi lambar gabansa a ƙara harafin b. Waɗanda babu rubutu a bayansu kuwa, ka buga su a takarda mai girma ka tafi da su taronku na gaba tare da biro, ka zaunar da 'yan ajin farko su faɗi sunayen.